Tramol: daga kantin magani zuwa bakin gona

Tun da muka taɓo zancen tramol a rediyo saƙonni suke ta shigowa, wasu na cewa annoba ce da ta faɗo mana rana ɗaya. Ba haka ba ne, abin yana da tarihi.

Maganin dai kamfanin Grünenthal na ƙasar Jamus ne ya haɗa shi a 1962, ya fito kasuwa a 1977 da sunan Tramal, don masu ciwo mai tsanani, irin wanda aka yi wa aiki ko ya karye. A lokacin matasanmu ba su san shi ba. Abin da iyaye ke kuka da shi wiwi ne da zaƙami, sai sholisho na masu facin taya.

A ganinmu ƙofa ta buɗe ne a Janairun 1994, da aka karya darajar sefa da rabi. Maganin farmasi ya fi ƙarfin talaka, sai ƴan tireda da masu tallar magani bisa kai suka cika kasuwannin ƙauye. Mun saba sayen ƙwaya ɗaya-ɗaya, ba takarda ba awo. Da tramol ɗin Indiya ya fara saukowa tashoshin ruwa irin su Kwatano da Legas, hanya a share ya tarar.

Kuma wanda ya iso mana ba irin na likita ba ne. Na asibiti miligiram 50 ne ko 100, likita ba ya wuce 400 a yini. Na kasuwa kuwa akwai 200, akwai 225, har 250. Ɗan kabu-kabu ya watsa biyu a shayi da safe, ɗan barema ya sha don ya gama gonar mutane kafin la'asar. Shi ya sa muke ganin yaro lafiyayye ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya, a ce iska ce. In ya bari kwana biyu kuma sai zufa, ciwon gaɓoɓi, ba barci, dole ya koma.

Har dabbobi ba su tsira ba. A 2013 wasu masana daga Faransa suka ce sun gano tramol a saiwar tafashiya a arewacin Kamaru. Shekara ɗaya bayan haka Jamusawa suka nuna daga fitsarin mutane da shanun huɗa da ake ɗura wa ƙwayar ne itacen ya tsotso shi. Mu da muke ganin shanun amalanke a nan, wannan bai ba mu mamaki ba.

A 2018 Indiya ta sa tramol cikin ƙwayoyin da doka ta tsare, Najeriya kuma ta hana maganin tari mai kodin bayan binciken BBC. A nan gida hukumar OCRTIS tana kamawa tana ƙonawa. Kuɗinsa ya hau, amma ƴan fatauci sun canza kaya: tapentadol gauraye da carisoprodol, wanda ya fi tramol ƙarfi. Sai a Fabrairun 2025 Indiya ta hana wannan haɗin. Yaranmu a fada har yau tramol suke kiran sa, ba su san an sauya abin da ke cikin fakitin ba.