Tarihin Fitilar Sigina

A farkon zamanin mota, idan direba zai kwana, sai ya fid da hannunsa ta taga ya nuna inda ya nufa. Wannan dabara ta isa da rana, amma da dare, ko cikin ruwan sama, na baya ba ya ganin kome sai ya auka. Saboda haka masu hikima suka shiga neman magani. Cikin 1914 wata 'yar wasan sinima a Amurka, Florence Lawrence, ta ƙago wani ɗan hannu da ake ɗaura wa mota a baya, in direba ya danna maɓalli sai ya ɗaga. A Ingila da Jamus kuwa aka daɗe ana ƙera motoci masu ɗan hannu da ke fitowa daga gefen ƙofa, da 'yar fitila a cikinsa. Daga sunansa na Turanci ne direbobin Nijeriya suka sami kalmar tarafiketa.

A Amurka, kamfanin Buick shi ne ya fara sa fitila mai ƙiftawa a motocinsa na 1939 tun daga masana'anta. Abin da ke sa ta ƙiftawa wani ɗan ƙarfe ne siriri cikin wata 'yar gwangwani. In wuta ta bi ta kansa sai ya yi zafi ya tanƙware, wuta ta yanke. In ya huce ya miƙe, ta komo. Daga baya aka musanya shi da na'urar lantarki, kuma dokokin ƙasashe da yawa suka tsai da cewa sigina ta ƙifta sau 60 zuwa 120 cikin minti ɗaya. Maƙeran suka ƙara wata hikima: in ƙwai ɗaya ya mutu, wutar da ake sha ta ragu, sai na'urar ta riɓanya saurinta, don direba ya ji ƙarar ta sake, ya san na bayansa ba sa ganin alamarsa.

Shi kuwa ƙwan da ake kira LED, ba shi da zaren da ke cin wuta har ya yi ja. Cikin 1962 Nick Holonyak na kamfanin General Electric ya ƙera mai jan haske, cikin 1972 kuma George Craford ya samo mai ruwan ɗorawa. Da fari haskensu bai isa hanya ba, sai daga baya aka sami masu ƙarfi. Amfaninsa a fili yake. Yana daɗewa, girgizar hanya ba ta kashe shi da wuri, kuma nan take yake kamawa. Tsohon ƙwai sai ya ɗauki wajen kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa kafin ya cika haske, a wannan ɗan lokaci kuwa mota mai gudun mil 60 a awa ta ci kusan yadi 6.

To, a nan ne tsohuwar hikima ta ci karo da sabuwa. Tsohon ƙwan sigina wat 21 yake sha, sabon kuwa 'yan kaɗan. Saboda haka da mai tsohuwar mota ya sa LED, sai na'urar ta zaci ƙwai ya mutu, ta kama ƙiftawa da sauri ba ji ba gani. Makanikai suka samo hanya biyu. Waɗansu sukan cire na'urar su sa wadda aka ƙera domin LED. Waɗansu kuma sukan haɗa wani abin shan wuta da ake kira rezista, yawanci mai om 6 da wat 50, don ya shanye ragowar wutar. Amma fa yana zafi ƙwarai, tilas a ɗaure shi a jikin ƙarfe, nesa da roba da wayoyi.

Ko wace hanya aka bi, yawanci akwai hasara guda, watau gargaɗin nan ya tafi. Ran da sabon ƙwan ya mutu, na'urar za ta ci gaba da ƙararta kamar lafiya lau, direba ya kwana yana tsammani ya ba da alama. Don haka wanda ya sake ƙwan siginarsa ya ɗauki wa kansa aikin da na'ura ke yi masa a da: kafin ya kama hanya, ya kunna sigina, ya zagaya motar ya duba da idonsa.