Wa Ke Ciyar da Mai Koyon Kafinta? Tarihin Tallafin Karatun Aikin Katako a Amurka

 A makon jiya wani bawan Allah mai safarar kaya tsakanin kasuwannin bakin iyaka ya bugo mana waya. Ya ce ya kai ɗansa koyon kafinta yau wata 8, ga shi yaron na neman tserewa ya kama kabu-kabu, saboda a shago ko kuɗin sabulu ba ya samu. Ya ce kuma ya ji wai a Amurka har kuɗi ake ba yaro ya je kwaleji ya koyi aikin katako, shin gaskiya ne ko hirar teburin mai shayi ce? To Alhaji, gaskiya ne. Sai dai abin yana da tarihi, kuma tarihin kan tambaya ɗaya yake zagayawa: kafin hannun yaro ya faɗa, wa zai ɗauki nauyin cikinsa, kuma me yake so a ba shi a madadi?

A da can, Turawa ma a shagon maigida suke koyo kamar mu. A 1563 aka kafa doka a Ingila cewa ba wanda zai buɗe sana'a sai ya yi shekara 7 a ƙarƙashin gwani. Waɗanda suka ƙaura zuwa Amurka sun tafi da wannan al'ada. Uba zai sa hannu a takarda, maigida ya ɗauki ci da sha da sutura da makwanci, yaro kuma ya yi masa aiki ba lada har wa'adi ya cika. Wato da shekarunsa yake biya. Makiyaya sun san irin wannan ciniki, tunda yaron kiwo ma ci da sutura ake ba shi, bayan wasu watanni a nuna masa maraƙinsa.

Abin da ya rusa tsarin shi ne inji. Da masana'antu suka yawaita a ƙarni na 19, aka raba aikin kujera gida-gida: wannan yanka kawai, wancan huda kawai, wani haɗawa. Mai masana'anta ba shi da dalilin ciyar da yaro shekara 7 don aikin da za a koya a mako biyu. Koyon sana'a sai ya koma makaranta, makaranta kuwa kuɗi take ci.

Gwamnati ce ta fara sa hannu. A 1862, ana tsakiyar yaƙin basasa, shugaba Abraham Lincoln ya amince da dokar da ta ba kowace jiha eka 30,000 na fili a kan kowane wakili da take da shi a majalisar tarayya, ta sayar ta kafa kwalejin noma da sana'o'i. Kada mu manta, yawancin wannan fili daga hannun ƙabilun asali na ƙasar aka ƙwace shi. Dokar ta gina makarantu, amma ba ta cika cikin ɗan talaka ba, balle baƙar fatar kudu da sai a 1865 aka 'yanta su daga bauta.

A nan labarin Booker T. Washington ya shigo. An haife shi bawa a jihar Bajiniya. A 1872 ya kama hanyar makarantar Hamton, tafiyar mil kusan 500, wani wuri a ƙafa, wani wuri a roƙi masu keken doki. Da ya isa, jarrabawar da aka yi masa ita ce sharar aji. Ya share, ya goge tas, aka ɗauke shi. Da aikin shara ya riƙa biyan kuɗin abinci, kuɗin karatu kuwa, dala 70 a shekara, wani mai hali daga arewacin ƙasar ne ya biya masa. Kun ga an raba nauyin biyu ke nan: gumin ɗalibi da aljihun mai taimako.

Da wannan tsari ya buɗe makarantar Taskigi a jihar Alabama ranar 4 ga Yuli, 1881, da ɗalibai 30 a wata tsohuwar rumfa kusa da coci. Gwamnatin jiha ta ware dala 2,000 a shekara, amma na albashin malamai kaɗai, babu na fili, babu na gini. Suka sayi wata tsohuwar gona mai eka 100 a kan dala 500, rabi ma da rance. Sai ya ce ɗalibai ne za su gina makarantar da hannunsu. Suka gwada gasa jan bulo, sau uku gashin yana lalacewa, har sai da ya jinginar da agogonsa a kan dala 15 aka yi na huɗu, wanda ya yi kyau. Kayan ɗaki ma haka. Gadajen farko da 'yan koyo suka haɗa sukan karye da mutum cikin dare, amma ya ƙi a sayo na kanti. Sannu a hankali har aikinsu ya kai ana saye daga waje, har da keken doki.

Ga yadda lissafin yake. Ɗalibi na biyan dala 8 a wata na abinci da makwanci, ana cire ladan aikin da ya yi daga ciki. Kuɗin karatu, dala 50 a shekara kan kowane ɗalibi, shi Washington ne ke yawon nema a wajen masu hannu da shuni. Wanda ba shi da ko sisi, akwai ajin dare da aka buɗe a 1884: ya yi aiki awa 10 da rana a shagon katako ko wajen bulo, ya yi karatu awa 2 da dare, a riƙa ajiye masa ladansa a baitulmalin makaranta har ya isa ya koma ajin rana. A littafin tarihin rayuwarsa na 1901, ya lissafa gine-gine 40 a makarantar, 4 ne kawai ba ɗalibai suka gina ba.

Sai dai fa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Da yawa daga attajiran da ke ba Taskigi kuɗi sun ji daɗin cewa zarto da guduma ake koya wa baƙar fata, ba shari'a ko siyasa ba. A 1895 Washington ya yi jawabi a birnin Atlanta yana nuna wa mutanensa su sa sana'a da tara dukiya a gaba, maganar daidaito ta biyo baya. A 1903 wani masani baƙar fata, W. E. B. Du Bois, ya fito ya ƙalubalance shi a rubuce. Hujjarsa ita ce, kafintan da ba shi da ƙuri'a, ba shi da lauya, ana iya ƙwace shagonsa a wayi gari, kuma ko makarantar sana'a sai da malaman da suka yi ilimi mai zurfi. Shi ma Taskigi babban mai zana gine-ginenta, Robert Taylor, digiri gare shi daga babbar jami'ar fasaha ta MIT. Wannan gardama ta iso har gida. A 1920 zuwa 1921 wani kwamiti ƙarƙashin Thomas Jesse Jones, tsohon malamin Hamton, tare da James Aggrey ɗan ƙasar da yau ake kira Gana, ya zagaya Afirka ta Yamma har da Najeriya, ya ba da shawarar a kwaikwayi Hamton da Taskigi. 'Yan boko da yawa na lokacin sun yi zargin dabara ce ta tsayar da ɗan Afirka a aikin hannu.

Akwai wata makaranta da ta nemi haɗa biyun, wato kwalejin Beriya a jihar Kentaki. Wani mai adawa da bauta, John G. Fee, ya kafa ta a 1855, kuma ta koyar da baƙi da farare, maza da mata a aji ɗaya, har sai da dokar jiha ta 1904 ta tilasta raba su, ba a sassauta ba sai 1950. Mutanen yankin mazauna duwatsu ne, ga daji da itace, ga hannu mai iya aiki, amma kuɗi babu. A 1892 makarantar ta daina karɓar kuɗin karatu. Shugabanta na lokacin, William Frost, da ya zagaya ƙauyuka a kan doki ya ga irin bargunan da mata ke saƙawa, sai ya yarda a kawo su a madadin kuɗin hidimar ɗalibi, makaranta ta sayar. Daga nan sashen sana'o'in hannu ya samo asali a 1893, aikin katako ya biyo baya. Otal ɗin makarantar da aka gina a 1909, kayan ɗakunansa aikin shagon ɗalibai ne.

Har gobe Beriya ba ta karɓar kuɗin karatu. Ɗalibanta kimanin 1,600 ne, 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi kawai take ɗauka, kuma kowa sai ya yi aiki aƙalla awa 10 a mako, wasu a gona, wasu a ofis, wasu a shagon katako, saƙa ko ɗaurin tsintsiya. Wanda ya yi shekara 4 yana fere ƙafar kujera, da cikakken digiri yake fita, ko na lissafi ne ko na aikin jinya. Ina kuɗin ke fitowa? Daga wakafi da masu taimako suka tara shekara da shekaru, wanda ya haura dala biliyan ɗaya. Ba a taɓa uwar kuɗin, ribar ake ci. Dattawanmu Fulani ba sa buƙatar dogon bayani a nan, domin kusan habbanaye ke nan: a ba ka aron saniya ka sha nono ka riƙe 'yan maruƙa, uwar ta koma ta tayar da wani.

Gwamnatin tarayya ta sake shigowa. Dokar 1917 ta ba jihohi kuɗin koyar da noma da sana'o'i a makarantun sakandare, da sharaɗin duk dala ɗaya da aka ba jiha ita ma ta sa ɗaya. Sai babbar, ta 1944, don sojojin da ke dawowa daga Yaƙin Duniya na Biyu. An biya wa kowa kuɗin makaranta da littattafai da kayan aiki har dala 500 a shekara, ga kuɗin abinci dala 50 a wata ga marar iyali, 75 ga mai iyali. Zuwa 1956 mutum miliyan 7.8 sun amfana. Miliyan 2.2 ne suka je jami'a, sauran makarantun sana'a, koyo a bakin aiki da horon noma suka yi. Ku lura da kuɗin abincin nan, shi ne ya ba magidanci damar tsayawa ya koya. Amma da yake jami'an yanki ne ke rabon, sojoji baƙar fata da dama a kudu an tauye musu haƙƙinsu.

To yau fa? Garuruwa irin su Grand Rapids a Mishigan da High Point a Karolina ta Arewa da kayan ɗaki suka yi suna. Bayan shekarar 2000 kaya masu araha daga Sin suka cika kasuwa, masana'antu da yawa suka rufe, makarantun sakandare da dama kuma dama sun riga sun rufe shagunan koyon katako. Kamfanonin da suka tsira suka wayi gari ƙwararrunsu sun tsufa, ga sababbin injina da kwamfuta ke sarrafawa, sai wanda ya iya karanta zane da lissafi. Shi ya sa ƙungiyoyin masu ƙera kayan ɗaki da masu sayar da injinan katako suke ba da tallafin karatu, wato sikolashif, ga ɗaliban da suka zaɓi wannan fanni a kwalejoji, irin jami'ar jiha da ke garin Pittsburg a Kansas, inda ake yin digiri a kan sarrafa katako. Galibi wani sashe na kuɗin ake biya, kuma sai ɗalibi ya riga ya samu gurbi, ya kawo sakamako mai kyau da takardar shaida daga malami. Su ma ba sadaka suke yi ba, ma'aikatan gobe suke nema. Saboda haka duk wanda ya ce ka ba shi naira ko sefa ya samo wa ɗanka irin wannan tallafi, ka riƙe kuɗinka.

Mu koma kan Alhaji mai tambaya. Abin da na gani a wannan tarihi, ba a taɓa samun wurin da yaro ya koyi sana'a da yunwa ba. Ko maigida ya ciyar, ko guminsa ya biya a bisa lissafi bayyananne, ko mai taimako, ko gwamnati. Shawarata, Alhaji, ka je ka zauna da maigidan yaron gaban shaidu, ku yanke shekara nawa zai yi, wa ke ba shi abincin rana da ɗan na kashewa, da kayan aikin da za a sallame shi da su ranar yaye. Kada kuma a raba shi da karatu, ko ajin yamma ne, domin kafintan da bai iya awo da lissafin katako ba, ƙarshensa ya yi ta yi wa wani aiki. Ƙungiyoyinmu na 'yan kasuwa da na makiyaya kuma da ke karo-karo don biki da jaje, babu abin da zai hana su ware wani abu a juya shi, ribar ta ciyar da yaro ɗaya ko biyu a shagon kafinta duk shekara.

Wanda ya taɓa kai ɗansa koyon sana'a, ko shi kansa maigida ne mai yara a shago, muna jiran wayarsa a shiri na gaba mu ji yadda suke tasu yarjejeniyar. Allah ya sa wa 'ya'yanmu albarka, ya kai mu mako mai zuwa lafiya.