Daga Majigi Zuwa Wayar Hannu: Masu Riƙe da Kafafen Labarai a Fagge da Sabon Gari

Yawancin sababbin hanyoyin isar da labari da nishaɗi da suka shigo Kano a ƙarni na ashirin, a bayan ganuwa suka fara sauka, tsakanin Fagge da Sabon Gari, kafin su sami shiga cikin birni. Fagge tsohon zango ne na fatake da Buzaye da sauran baƙin da suka keto sahara. Sabon Gari kuwa an yanka shi ne wajen 1913, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, domin ma'aikata da 'yan kasuwar da suka zo daga Kudu da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma. Kwarori suka kafa kantunansu a gefen Fagge, wurin da ake kira Kantin Kwari har gobe. Abin da fada da malamai ba za su lamunta a Yakasai ko Madabo ba, a nan ana iya gwada shi.

Hoto mai motsi ta ƙofa biyu ya shigo. Ta farko ita ce majigi, wanda mallakar gwamnatin Turawa ne: mota ta zo da injin wuta da farin ƙyalle, a kafa a ƙofar fada ko filin unguwa bayan magariba, a nuna fim kan tsabta ko noman auduga, mai bayani yana fassarawa da lasifika. Ba a biyan ko kwabo, amma gwamnati ce ke zaɓen abin da za a gani. Ta biyu ita ce silima ta kuɗi. A 1937 aka buɗe Rex a Sabon Gari, daga baya wasu suka biyo, irin su El Duniya da Eldorado da Queens, da Plaza ta Fagge da Orion ta Ƙofar Wambai. Kwarori ne suka fi yawa a wannan sana'a, kuma ƙarfinsu bai tsaya ga ginin ba: su ne kuma ke shigo da finafinan su rarraba. Da suka lura cewa fim ɗin Indiya ya fi na Amurka cika gida, sai suka ƙara yawansa tun daga shekarun 1950. Lissafin ciniki ne kawai a wurinsu, amma shi ya raini kunne da idon samarin Kano na tsawon shekaru, har waƙa da rawa suka zama ginshiƙin fim ɗin Hausa daga baya.

Silima ba ta taɓa samun cikakkiyar karɓuwa ba. A 1951 gobara ta tashi a El Duniya ana cikin kallo, fiye da mutum 300 suka rasu, kuma mutane da yawa a birni suka ɗauki abin a matsayin ishara. Lokacin da aka buɗe Palace a Jakara, a cikin ganuwa, a farkon shekarun 1950, an yi ta da ƙyar saboda adawar jama'a. Matar aure ba ta zuwa silima, yaron kirki ma a ɓoye yake zuwa.

Jarida ma ta nan ta bi. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ta gwamnati ce, haka ma Sodangi, jaridar lardin Kano da hukumar NORLA ta fitar a shekarun 1950. Murya ta dabam ta fito ne daga Comet, jaridar kamfanin Nnamdi Azikiwe, da aka kawo ta Kano daga Legas a 1949. Tana da shafin Hausa, kuma Magaji Ɗambatta, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa NEPU a Sabon Gari ranar 8 ga Agusta 1950, ya yi aiki a wannan shafi. Ke nan koken talakawan Kano game da zaluncin En'e ya sami hanyar fita ne ta injin bugun wani ɗan siyasa daga Kudu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna dalilin da ya sa tambayar wane ne mai injin take da nauyi.

Rediyo ya fi su duka daɗewa a hannun hukuma. A tsakiyar shekarun 1940 ya fara a Kano, ta hanyar akwatin da ake jona wa waya daga tasha ɗaya. Ba shi da abin murɗawa a canja tasha; abin da aka aiko shi za a ji. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna kuma ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962. Bayan ƙirƙiro jihohi, sojoji suka tattara gidajen talabijin ƙarƙashin NTA a 1977, rediyon tarayya kuma ƙarƙashin FRCN a 1978. Don haka da Abubakar Rimi na PRP ya hau mulkin Kano a 1979, sai ya tarar manyan kafafe suna hannun gwamnatin NPN ta Legas. Ya kafa kamfanin Triumph a 1980, mai buga jaridar Turanci da Albishir ta Hausa da Alfijir ta ajami, ya kuma kafa gidan talabijin na CTV, wanda yanzu ake kira ARTV. A tarzomar 10 ga Yuli 1981, wadda aka kashe Dakta Bala Muhammad a cikinta, Rediyon Kano na cikin wuraren da aka cinna wa wuta. Masu tarzomar sun san muryar wa ke fita daga can. Raunin kafar gwamnati ke nan: rayuwarta tana rataye ga wanda ke gidan gwamnati. An rufe Triumph a 2012, sai da wata gwamnatin ta zo aka farfaɗo da ita.

Babban sauyi ya zo da kaset. Dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta raunana riƙon da baƙi suka yi wa silima, faɗuwar naira daga 1986 ta sa shigo da fim ya yi tsada, na'urar bidiyo kuma ta kai kallo har cikin ɗaki, inda matan aure suke. Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo da suka goge a dandamali da talabijin suka ga dama ta samu. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin fim ɗin Hausa na farko da aka yi a bidiyo domin kasuwa. Kafin shekara goma sana'ar ta bunƙasa har ta sami mujallunta, Tauraruwa da Fim, da sunanta, Kannywood. Sangaya da Wasila suka karaɗe ƙasar Hausa har Maraɗi da Damagaram da zangunan Gana.

A ido, mallaka ta dawo hannun 'yan gida, kuma gaskiya ne. Amma a cikin sana'ar, ba mai shirya fim ne ke da ta cewa ba. 'Yan kasuwar kaset na Bata a Sabon Gari da na Ƙofar Wambai su ne. Yadda ake cinikin a lokacin shi ne: furodusa ya gama fim da kuɗinsa ko da bashi, ya je maɗaba'a ya buga kwali, wato bangon kaset mai hotunan jarumai. Sai ya kai wa dila uwar kaset ɗin da kwalayen. Dila ke da kaset marar komai, shi ke da injinan kwafa da ake jerawa a ɗaki suna aiki dare da rana, shi ya san masu sari daga Sakkwato da Jos da Nijar. Furodusa kuɗin kwalin da aka sayar kawai yake samu, sau da yawa kuma sai bayan an sayar ake biyansa. In dila ya kwafa fiye da kwalayen da aka ba shi, babu mai ƙirgawa. Tun da dila ne ya san abin da ke tafiya, shi ke cewa a sa jarumi wane, a ƙara waƙa, a raba fim kashi biyu. Wasu dilolin ma suka koma zuba kuɗi a fim tun daga tushe. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, da aka kafa a 2001 bayan ƙaddamar da Shari'a, ta sami aikinta da sauƙi a wancan tsari, domin kaya a shago suke, shagon kuma an san inda yake.

A ɓangaren rediyo, doka mai lamba 38 ta 1992 ta kafa hukumar NBC ta kuma buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa. Freedom Radio ta fara a Kano a ƙarshen 2003, wasu da yawa suka biyo baya. Shirye-shirye irin su Inda Ranka da Kowane Gauta sun ba talaka bakin magana da bai saba samu ba. Sai dai gida mai zaman kansa da talla da sayar da fili yake rayuwa, wanda ya sayi filin kuma shi ke da maganar da za a yi a ciki. Daga nan sojojin baka, masu yi wa 'yan siyasa yaƙin baki a rediyo, suka sami kasuwa.

Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, kuma daga baya ta rushe kasuwar kaset da faifan sidi. 'Yan dawunlodin suka cika titin Beirut da Bata da Farm Centre: tebur ɗaya, kwamfuta ɗaya, a tura wa mutum finafinai da waƙoƙi da wa'azi a katin waya kan kuɗi ƙalilan, mai fim kuwa sau da yawa bai ga ko sisi ba. Finafinan Indiya da aka juya zuwa Hausa suka ƙara matse kasuwar. Diloli da dama suka canja sana'a. Masu fim suka koma dogon zango: Arewa24, da ta fara a 2014 da tallafin gwamnatin Amurka kafin ta koma ta kasuwanci, ta kawo Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, yayin da Izzar So da Labarina suka nuna cewa YouTube ma kasuwa ce.

Abin da masana ke kira haɗewar kafafe ke nan, kuma a teburin mai shayi a Fagge ana ganinsa: a waya ɗaya mutum zai saurari labaran safe, ya kalli shirin rediyo kai tsaye a Facebook, ya karanta Aminiya, ya bi fim, ya tura nasa ra'ayin a WhatsApp. Iyakar da ke tsakanin jarida da rediyo da talabijin ta goge. Kamfanin da ke buga Daily Trust da Aminiya ma yana da gidan talabijin yanzu. Kowa na iya buɗe tasha ba tare da lasisi ba, wannan ci gaba ne da ba a raina shi. Amma hanyar da kayan ke bi ta fi ta da matsewa a hannu kaɗan: kamfanonin waya irin su MTN da Airtel masu sayar da data, da Google da Meta masu dandalin. Su ke yanke yawan kuɗin talla, kallo daga Turai ko Amurka ya fi kallo daga Kano tsada a ma'auninsu, kuma suna iya rufe tasha ba tare da mai ita ya ga fuskar kowa ba. Dilan Bata aƙalla ana iya zuwa shagonsa a yi masa magana.

Dokoki ba su kamo wannan sauyi ba tukuna. NBC ke kula da rediyo da talabijin, NCC ke kula da kamfanonin waya, hukumar tace finafinai kuma ikonta a jiha ya tsaya. Da gwamnatin tarayya ta so rufe Twitter a Yunin 2021, ta hannun kamfanonin waya ta bi, haramcin kuma ya kai Janairun 2022. A 2025 hukumar tace finafinai ta Kano ta dakatar da finafinai masu dogon zango 22 saboda ba a kawo mata su ta duba ba kafin a sake su. Furodusoshin da ke Kano ta iya kira ofishinta. Kamfanin da finafinan ke kan dandalinsa yana Amurka.