Daga Buzu Zuwa Kushin: Tarihin Kujerar Falonmu

A mujallar bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu mun saba kawo tarihin hanya da na kaya: goro, kanwa, albasa, shanu, atamfa. Bana mun ga ya dace mu dubi abin da ɗan kasuwa yake zama a kai idan ya dawo gida, domin kujerar falo ma tana da tarihinta, kuma wani ɓangaren tarihin a nan Oforikrom aka sassaƙa shi.

Kakanninmu fatake da suke biyo ayari daga Kano da Katsina zuwa Salaga neman goro, a kan buzu suke zama. Buzu ya dace da matafiyi: a yi salla a kai, a yi ciniki a kai, gari ya waye a naɗe shi a ɗaure a bayan jaki. A ƙasar Hausa ta wancan lokaci kujera 'yar tsuguno ce ta mata a tsakar gida. Hatta sarakunan Gwanja da Dagomba da fatake suka ratsa ƙasashensu, a kan fata ake naɗa su, kuma haka abin yake har gobe.

Da Salaga ta watse bayan yaƙin basasar 1892, kasuwar goro ta riƙa gangarowa kudu, mutanenmu suka taru a Kumasi, musamman bayan 1900. A nan suka tarar da mutanen da kujera ita ce sarautarsu. Kowa ya san abin da ya faru a watan Maris na 1900, lokacin da Gwamna Hodgson ya nemi a kawo masa Kujerar Zinare ya zauna a kai, abin da ya tayar da yaƙin Yaa Asantewaa. Sarakunan Asante suna kuma da kujeru masu majingina, irin su asipim, waɗanda masassaƙansu suka ɗauko fasalinsu daga kujerun Turawan bakin teku, suka ɗaura musu fata, suka jera musu ƙusoshin tagulla.

Ita kuwa babbar kujerar nan mai zurfi, mai kaurin hannuwa, wadda mutum yake nutsewa a ciki, daga Turai ta fito. Turawa suna kiranta kujerar kulob, saboda irinta ce ake jerawa a kulob-kulob na manyan mutane a Landan. A Faransa ta yi tashe sosai a shekarun 1920 da 1930. Ana haɗa ƙashinta da katako mai ƙarfi, a sa sifirin a ƙasa, a cusa gashin doki ko zaren itace, sannan a lulluɓe da jemammiyar fatar tunkiya. Akwai wadda bayanta yake a zagaye, akwai wadda aka lanƙwasa samanta kamar gashin baki.

A nan akwai abin da ya shafe mu. Jar fatar akuyar Sakkwato ta daɗe tana ƙetare Sahara a bayan raƙuma. Da yake ta tashoshin Arewacin Afirka take isa hannun Turawa, sai suka sa mata suna fatar Maroko, suna yin bangon littattafai da ita, suna lulluɓe kujerun alfarma. Bayan layin dogo ya isa Kano a 1911, fatun suka koma bin hanyar Legas. Ke nan tun kafin mu zauna a kan irin wannan kujera, majemanmu da fatakenmu sun riga sun sa hannu a cikinta.

Jirgin ƙasa daga Sekondi ya iso Kumasi a 1903, na Ankara kuma a 1923. Kuɗin koko ya shigo gari, kamfanoni irin su UAC da CFAO suka buɗe kantuna, gidajen Turawan mulki suka cika da kujeru, kafintocin ƙasa suka koyi aikin. Masu gidajen Zango, waɗanda fatake suke sauka wurinsu, suka fara ajiye kujera ɗaya ko biyu domin manyan baƙi, sauran jama'a suna kan tabarma. Sayen irin wannan kujera yana da ma'ana: wanda ya sayi abin da jaki ba zai ɗauka ba, ya yanke shawarar zama.

Bayan samun 'yanci a 1957 aka shiga zamanin kujerar da yawancinmu muka tashi muka gani: hannuwan katako masu sheƙi, da matasai biyu da ake cirewa a shanya a rana. Da farko audugar rimi ake cusawa, daga baya soso ya maye gurbinta. Odum, wanda Hausawa suke kira loko, da mahogani su ne katakon masu hali, domin gara ba ta cin su da sauƙi. Mai ƙaramin ƙarfi kuma ya yi da wawa.

Sai ga 18 ga Nuwamba 1969. Gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama kwana goma sha huɗu su bar ƙasar. Motocin da suka nufi Najeriya da Nijar sun ɗauki mutane da ƙunshin tufafi da buzaye, kujeru kuwa an sayar da su a wulaƙance, ko an bar wa maƙwabta amana. Wasu kujerun da suke tsofaffin gidajen Zango a yau, amanar da masu ita ba su dawo karɓa ba ce. A 1983 irin haka ta faru da 'yan Gana a Najeriya.

Maƙwabtanmu na Anloga, kafintocin da akasarinsu Ewe ne, su suka daɗe suna yi wa Zango kujeru. Wajen 2009 aka mayar da kasuwar katakon zuwa Sokoban saboda aikin titin Oforikrom zuwa Asokwa. A tsakanin nan kwantenoni daga Sin da Turkiyya suka yawaita a tashar Tema, kuma wasu mambobinmu ne suke shigo da su. Kasuwa ce halal, ta rufa wa gidaje da yawa asiri. Amma gaskiya ɗaya ce: da yawa daga cikin masu araha, ƙashinsu matsattsen garin katako ne, rigarsu kuma roba ce mai kama da fata. Zafi da hunturu suna sa ta ɓarewa, kuma idan ta ɓare ba ta gyaruwa. Fata ta gaske duhu take ƙarawa, ta yi 'yan tsage-tsage, a shafa mata mai ta farfaɗo.

Abin baƙin ciki, tsofaffin kujerun suna ƙarewa. Idan dattijo ya rasu aka raba gado, sau da yawa ana fitar da su tsakar gida ruwa ya dake su, daga nan sai murhu. A Turai kuwa irin waɗannan ne masu sayar da kayan tarihi suke nema da tsada. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Don haka muna kira ga mambobi. Wanda yake da tsohuwar kujera a gidan gado ya kifa ta ya duba: idan tana da nauyi, kuma haɗin katakon bai saki ba, a kai wa mai kushin ya sabunta ta. A tambayi tsofaffin gida wa ya saye ta, a wace shekara, a rubuta a ƙarƙashinta. Masu zuwa Kano da Maraɗi kuma su tuna akwai jemammiyar fata a can, akwai ƙwararrun kafintoci a Sokoban, akwai masu saye a Lome da Kwatano da Legas. Tsarin ECOWAS ya yarda kayan da aka ƙera a yankin su ƙetare iyaka ba harajin kwastan, muddin takardar asalin kaya ta cika. A dai guji madobiya, domin tun 2017 tana cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka shimfiɗa buzu a wannan gari, ya albarkaci kasuwancinmu, ya maimaita mana. Amin.