George Coulthard: gwanin ƙwallo da aka fi tunawa da shi a matsayin alƙali

Tarihinmu na wannan makon daga Ostareliya ya fito, ƙasar da take da ƙwallon ƙafa irin tata: ƙwallo mai siffar ƙwai, wadda ake kamawa da hannu a kuma buga da ƙafa. A birnin Melbon aka rubuta dokokin wasan a 1859, lokacin George Coulthard bai cika shekara uku ba.

An haife shi a 1856 a yankin Victoria, ya fara buga wa ƙungiyar Carlton a 1876. Shekara guda bayan nan suka ɗauki kofi, kuma shekara uku a jere, 1878 zuwa 1880, babu wanda ya kai shi zura ƙwallo. Har Sidni aka gayyace shi a 1877 don ya koya wa 'yan can wasan. Bai daɗe ba ya dawo gida, bayan wani ƙaton kifin teku ya cafki gefen rigarsa ya ja shi ruwa yana tsakiyar kamun kifi a kwalekwale. Allah ya yi da sauran kwana.

Abin da ya ja hankalinmu shi ne, ba a filin ƙwallo sunansa ya fi fita ba. Idan bazara ta zo, kurket yake yi. A farkon 1879 tawagar Ingila ƙarƙashin Lord Harris ta ɗauke shi alƙalin wasanninta, yana da shekara 22 kacal. A lokacin Ostareliya ba ta zama ƙasa ɗaya ba tukuna, kuma tsakanin Victoria da New South Wales akwai 'yar tsama mai zafi.

Ranar 8 ga Fabrairu, a Sidni, ya yanke hukuncin fitar da Billy Murdoch, gwarzon masu gida. 'Yan caca sun zuba kuɗi a kan New South Wales, ga shi alƙalin ɗan Victoria ne, kuma Turawan Ingila ne suka kawo shi. Nan take aka ce an saye shi. Mutane kusan 2,000 suka auka cikin fili. Harris ya tsaya kare shi, aka kai masa duka da sanda. Kyaftin ɗin masu gida ya nemi a canza alƙali, Harris ya ce atafau. Ɗaya alƙalin, Edmund Barton, mutumin Sidni ne, amma ya ce hukuncin daidai ne. Shi ne ya zama Firaministan Ostareliya na farko a 1901. A ganinmu Coulthard bai yi laifi ba, garin da ya fito ne laifinsa.

Ƙarshen ƙwallonsa bai yi daɗi ba. A 1882 ya yi dambe da Joey Tankard na ƙungiyar Hotham, hukumar wasan ta dakatar da shi har ƙarshen kaka. Mutumin da aka so a daka saboda hukunci, ga shi hukunci ya hau kansa. Bai sake buga wa Carlton ba. Tarin fuka ya kama shi, ya rasu ranar 22 ga Oktoba, 1883, yana da shekara 27. Sai a 1996 aka saka sunansa cikin jerin gwarazan wasan na tarihi.