Daga shaidar mai unguwa zuwa NIN

1/ Jama'a, ga ɗan tarihi. A da, in attajirin Kwari zai raba hatsin azumi a Fagge, mai unguwa da liman ne shaida. Sun san gidan marayu, sun san mai zagayowa sau biyu.

2/ Gari ya cika, ido ya kasa. Aka koma rabon kati, 'yan wayo suka mai da shi haja.

3/ An kafa NIMC a 2007, BVN ta zo a 2014. A 2020 muka ga kayan tallafin korona jibge a rumbunan ajiya, talaka na yunwa. Kiran a riƙa tantancewa ya ƙaru.

4/ Lamba na hana karɓa sau biyu, na yarda. Amma tsohuwar da ba ta da NIN fa? Ni dai, a haɗa lamba da shaidar unguwa.