Tafiya da Ƙafa a Matsayin Darasin Tarihi: Nazarin Kwaikwayon Ayarin Ƙaura a Yammacin Amurka

Tsakure

Maƙalar ta dubi al'adar sanya ɗalibai su kwaikwayi ayarin ƴan kama-wuri-zauna na ƙarni na 19 a kan Hanyar Oregon da Hanyar Mormon, ta kuma gwada abin da ake kwaikwaya da abin da masana tarihi suka tabbatar. Hujjarta ita ce, abin da jiki zai iya maimaitawa shi ke cinye darasin, sauran tarihin kuwa sai ya koma gefe.

Gabatarwa

Hanyar Oregon ta tashi daga garin Independence na jihar Missouri zuwa kwarin Willamette, tazarar kusan kilomita 3,500. Babban ayarin farko ya kama hanya a 1843 da mutane wajen 1,000, kuma tafiyar kan ci wata huɗu zuwa shida. Bijimai ne ke jan yawancin kekunan. Da yake kaya sun cika keken, ga girgiza, akasarin mutane da ƙafa suka taka. Hanyar ta fara mutuwa bayan da layin dogo ya haɗa gabas da yamma a 1869.

A yau makarantu kan kai yara wuraren da sawun kekunan bai goge ba, kamar cibiyar tarihi da aka buɗe kusa da Baker City a 1992. Kwaikwayon da ya fi tsari shi ne na matasan cocin Mormon, waɗanda ke zuwa Martin's Cove a jihar Wyoming. Akan raba su gida-gida, kowane gida da "uwa" da "uba", su sa tufafin da, su yi kwanaki suna jan amalanken hannu daga zango zuwa zango.

Abin da ƙafa ke koyarwa

R. G. Collingwood, a littafinsa The Idea of History na 1946, ya ce aikin masanin tarihi shi ne ya sake yin tunanin mutanen da a cikin ƙwaƙwalwarsa. Masu shirya ayarin ɗalibai sun sauko da wannan ra'ayi daga kai zuwa ƙafa, kuma akwai riba a ciki. Yaron da ya karanta cewa ayari na cin kimanin kilomita 20 zuwa 25 a rana, lamba kawai ya gani. Wanda ya taka rabin haka cikin ƙura, ya ja kaya ya hau tudu, shi zai gane dalilin da ya sa matafiya ke zubar da murhun ƙarfe da akwatuna a bakin hanya, da dalilin ɗokinsu na isa dutsen Independence Rock wajen 4 ga Yuli, don kada ƙanƙara ta tare su a duwatsun gaba. Nisa da nauyi da lokaci, waɗannan ukun allo ba ya koyar da su kamar yadda tafiya ke yi.

Abin da ba ya kwaikwayuwa

Sai dai babban makashin matafiyan ciwo ne, musamman kwalara, wadda ta yi ɓarna a gaɓar kogin Platte daga 1849 zuwa farkon shekarun 1850, saboda gurɓataccen ruwan zango. Ba malamin da zai shayar da ɗalibi irin wannan ruwa, ba kuma wanda zai so haka. Don haka yaro kan dawo gida da tunanin cewa gajiya ce jarrabawar hanya, kuma mai juriya shi ke kaiwa, alhali kwalara ba ta tambayar juriyar kowa. Abin mamaki, wasan kwamfuta na The Oregon Trail, wanda wasu ɗaliban koyon malanta uku suka ƙirƙira a Minnesota a 1971, ya fi kusa da gaskiya ta nan, domin a cikinsa ciwo na kashe mutum ba tare da ya yi kuskure ba.

Zaɓen abin kwaikwayo ma yana karkata hoton. Ayarin amalanken hannu guda 10 ne kacal tsakanin 1856 da 1860, da mutane kusan 3,000, ƙasa da kashi 10 cikin 100 na ƴan Mormon da suka yi ƙaura zuwa Utah. Amma saboda biyu daga cikinsu, ayarin Willie da na Martin, waɗanda suka makara a 1856 har ƙanƙara ta rutsa da su, mutum sama da 200 suka mutu, amalanke ya zama tambarin ƙaurar baki ɗaya. Tambayar da ta fi amfani ga ɗalibin tarihi, wato wa ya yanke shawarar tashi a makare, jan amalanke ba ya amsa ta.

Ƙasar wa ake ratsawa?

Nan ne giɓin ya fi faɗi. Ɗalibi a kullum matafiyi yake zama, bai cika zama ɗan ƙabilar Pawnee ko Shoshone ko Cayuse da ke kallon dabbobin baƙi suna cinye masa makiyaya ba. John D. Unruh, a The Plains Across na 1979, ya ƙiyasta cewa tsakanin 1840 da 1860 ƴan asalin ƙasa sun kashe matafiya 362, matafiya kuwa sun kashe musu 426, kuma ciniki da jagoranci da haye kogi sun fi faɗa yawa a tsakaninsu. Dokar rabon ƙasa ta 1850 ta ba wa ma'auratan da suka riga isa Oregon eka 640 kyauta, tun kafin a kammala yarjejeniya da masu ƙasar, kuma ba ta haɗa da baƙaƙen fata ba. Irin wannan ladan na ƙasa kyauta ne ya ja ayari da yawa, amma ba a iya sa shi a amalanke a ja.

A ganin wannan nazari, gyaran yana hannun mai tsara hanya. Cibiyar al'adu ta Tamástslikt, wadda ƙabilun Cayuse da Umatilla da Walla Walla suka buɗe kusa da Pendleton a 1998, tana kan Hanyar Oregon ɗin kanta, tana kuma ba da labarin daga bakin waɗanda ayarin ya tarar. Makarantar da ta sa ta cikin zangunanta, ta kuma ba ɗalibai nassin dokar 1850 su karanta da dare, ta ba su abin da za su yi gardama a kai idan sun koma aji.